Gonar Tunau da Aka Kwashe a Kwando

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da yau ko kufansa ba a ganewa. Sunansa Tunau. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba ne, ba shi da saniya ko ɗaya. In ana zaman ƙofar masallaci, shi ne na can bakin tabarma, rabin jikinsa a ƙasa. Su uku ne a gidansa: shi, da matarsa Kuluwa, da mahaifiyarsa Inna Dudu, wadda ciwo ya shanye mata jiki shekara da shekaru, sai an tayar, sai an kwantar. 'Ya'yan da Allah ya ba su duk sun koma tun suna goye. Bayan Allah, ba su da abin dogaro sai gona guda ɗaya a bayan gari, 'yar ƙarama, in ka yi magana a wannan gefe na wancan gefen zai ji ka.

Ku saurara, don a kan gonar nan aka jarrabe shi.

Lokacin da ya gaje ta, fako ce. Jar ƙasa mai tauri, in ka sara fartanya sai ta yi tsalle ta dawo maka. Dangi sun bar masa ita ne don ba mai so. Bai yi ƙorafi ba, sai ya nemo tsohon kwando. Kullum da safe ya share turken awakin Kuluwa, ya haɗa da tokar murhu da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin da mata suka sheƙe, ya ɗora a ka ya kai gona. In ya ga kashin jaki a hanya sai ya tsuguna ya kwashe. Akwai wani taubashinsa, Korau, mai bakin tsiya, shi ya sa masa suna Buzuzu.

"Buzuzu, ina za a kai dukiya haka da sassafe?"

"Ajiya zan kai."

"To a rufe da kyau, ka san gari da 'yan sa ido."

Sai Tunau ya yi murmushi ya wuce.

Ba jidar taki kaɗai yake yi ba. Bai taɓa sa wa gonarsa wuta ba. In an yi girbi sai ya kwantar da kara a kan kunyoyi ya bar wa gara. In zai cire harawa ba ya tumɓuke wake, yanka shi yake yi daga tushe, ya bar saiwar a ƙasa. Inda ya sa gero bana, baɗi wake ne ko gyaɗa. Akwai gawo guda a tsakiyar gonar, masu sassaƙa sun sha zuwa, ya hana. Haka, haka, har shekara talatin. Fakon nan ya koma baƙar ƙasa mai laushi, in ka tura hannu sai ya nutse har ya wuce wuyan hannu. In ka ɗebo ka shinshina, ƙamshin ruwan farko za ka ji, ko da rani ne.

Su kuwa sauran mutanen gari, gonakinsu manya ne, kuma kyakkyawar ƙasa suka gada. Kowace shekara su yashe ta tas. Kara a kai gida a yi danga a yi girki, harawa a tumɓuke har saiwa, abin da ya rage a tara a cinna wuta. Itatuwan gawo duk an sare an yi turame. Suna ɗiba, suna ɗiba, ba sa mayarwa. Ƙasa kuwa ba ta ƙara, ba ta kuka. Shiru take yi, har ranar da za ta daina.

Ranar ta zo. Ruwa bai yi ƙaranci ba, damina ta yi kyau, amma gero ya fito siriri, ganyensa rawaya kamar mai ciwon shawara, ya tsaya iya gwiwa ya ƙi gaba. Muguwar ciyawar nan wuta-wuta ta cika gonaki tana fure. Shekara ɗaya, shekara biyu, shekara uku. Rumbuna suka koma ɗakin ɓera, ɓeran ma ya gudu. A duk faɗin ƙasar nan wuri ɗaya ne kore shar, gonar Tunau.

To kun san bakin mutane. Aka fara cewa ya binne wani abu. Aka ce shi yake janye albarkar gonakin jama'a zuwa tasa. Matan gari suka daina shiga gidan Kuluwa ɗibar wuta. A ƙarshen daminar shekara ta uku mai unguwa ya aiko a kira shi.

Korau ya tare shi a hanya. Ranar babu wasa a fuskarsa.

"Tsaya ka ji, Buzuzu. In sun ce asiri ne, ka ce e, asiri ne. Ka ce na kakanninka ne, duk wanda ya taɓa gonar hannunsa zai bushe. Za su tsane ka, amma za su ji tsoronka, su ƙyale ka ka ci tuwonka da tsohuwarka."

Tunau ya ce, "In ce ina da abin da ba ni da shi?"

"Kai dai ka faɗa. Ƙarya fure take yi, mu furen muke so."

"Ba zan iya ba, Korau. Yunwa suke ji. In na ce asiri ne, sun daina neman gyara ke nan."

Ya biya ta gonarsa ya tono tushen wake guda a hankali, da ƙasarsa, ya naɗe a ganye. Ya tarar da dattawa sun cika ƙofar mai unguwa. Ya cire takalmi ya durƙusa.

Mai unguwa ya ce, "Tunau, ruwa ɗaya ke sauka a kanmu. Me ka binne?"

"Ranka ya daɗe, kashin awaki."

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Sai ya buɗe ganyen ya karkaɗe saiwar. Ga wasu 'yan gudaji manne da ita, birjik, kamar ƙwayar dawa. Ya ɓare ɗaya da farce ya miƙa. Cikinsa ja-ja ne kamar tsoka.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban yi karatu ba. Abin da na lura da shi ke nan. Duk inda saiwar wake ta yi waɗannan, in aka bar ta a ƙasa, geron da ya biyo baya yakan yi kyau. Inda babu su, ba ya yi. Ku dubi farin zaren nan kuma da ke cikin ƙasar, kamar saƙar gizo-gizo. Akwai wasu bayin Allah a cikin ƙasa da ido ba ya gani. Su suke dafa wa shuka abinci. Ni dai ciyar da su nake yi, in yi musu inuwa, ba na ƙona su. Ba ni da wani sirri bayan wannan."

'Yan'uwana, abin da mutumin nan ya gane da idonsa da hancinsa, shi ne malaman gona suke faɗa mana yau. Ƙananan halittu ne, sun fi ƙura ƙanƙanta. Wasu suna zama a gudajin saiwar wake da gyaɗa, su jawo abincin shuka daga iska su ajiye a ƙasa. Wasu su ruɓar da kara da ganye su mai da su taki. Wasu su miƙe kamar zare su ɗebo wa saiwa ruwa daga inda ba ta kai. Ba a biyan su, ba a gode musu, ba a ma san suna nan ba. Allah mai iko.

Mai unguwa ya daɗe yana juya saiwar a hannunsa. Sannan ya ce, "Wato albarkar a cikin ƙasar take?"

"A ciki take, ranka ya daɗe."

"To ka sam mana ƙasar."

Korau ya dafe kai. Tunau ya dubi fuskokin da ke gabansa. Ya san kowa. Ya san wanda ya binne ɗa a watan jiya, ya san wanda matarsa take dafa ganyen tafasa ba gishiri. Ya tuna shekara talatin da kwando a ka. Ya tuna Inna Dudu, wadda in gonar nan ta mutu ba ta da ƙafar gudu. Amma ya ce, "Kowane gida kwando ɗaya. Sai dai ku riƙe abin da zan faɗa. Ba yawanta ake so ba. Kun ga yadda ake zuba ɗan tsohon nono a cikin madara, ta kwana ta kama gaba ɗaya? Haka take. Ku bari sai ruwan shuka ya sauka baɗi. Ku ɗiba da sanyin safiya, ku rufe da ɗanyen ganye, ku zuba ɗan kaɗan a ramin wake tare da iri a ranar. Ku ba ta taki. Kada ku ƙona, kada ku tumɓuke saiwa. Ku yi haƙurin shekara uku."

Kowa ya ce ya ji. Ku saurara, kowa ya ce ya ji.

Washegari, ba baɗi ba, washegari, hanyar gonar ta cika da kwanduna. Kowa yana tsoron kada a riga shi a kwashe mai kyau. Tunau yana cewa lokaci bai yi ba, ana ce masa, "Za mu adana, ai mun iya ajiya." Ya rasa yadda zai yi, ya tsaya yana nuna musu gefen da za su ɗiba.

Kuma da gaske sun iya ajiya, a nan ɓarnar take. Mutane ne da suka san yadda ake adana iri tun kaka da kakanni: a shanya, a tankaɗe, a gauraya da toka, a zuba a tulu a liƙe baki. Da matan gari suka ga ƙasar da danshi, ga farin zare a ciki, sai suka ce fumfuna ce ta fara kama ta, za ta lalace kafin damina. Aka baza tabarmi a tsakar gida, aka shanya ta a rana kwana bakwai ana juyawa. Aka sa rariya aka tankaɗe zaren da guntayen saiwa da ruɓaɓɓen ganye, aka zubar wa kaji. Abin da ya rage, gari mai laushi, aka cuɗe da toka aka rufe a tulu. Wasu ba su yarda ba asiri ba ne, suka ɗinke tasu a fata suka binne a kusurwa huɗu ta gona. Ba mugunta suka yi ba. Tattali suka yi, irin tattalin da suka sani.

Kuluwa ce ta fara gani, ta leƙa gidan maƙwabta ta dawo da gudu.

"Malam, sun shanya ta! Kamar kuɓewa!"

Tunau ya bi gida gida yana roƙo. Wata tsohuwa ta ce masa, "Kai ɗan nan, ka koya mini ajiya? Na adana irin wake shekara biyu ko ƙwaro ɗaya bai shiga ba." Ya ɗebi garin ƙasar a tabarmarta, da zafinsa, ya shinshina. Ba ƙamshin komai. Ya sake ta ta zube ta tsakanin yatsunsa, ya fita.

Da bazara ta zo suka watsa garin nan a gonaki, suka tara ciyawa suka ƙona a kai kamar yadda aka saba. Damina ta sauka. Gero ya fito rawaya, ya tsaya iya gwiwa. Shekara ta huɗu.

Wannan karon ba da roƙo suka zo ba. Aka ce ya ba su ta gefe ya ɓoye ta tsakiya. Aka ce kwando ɗaya me zai yi wa gona, rowa ce kawai. Da aka fara hadarin damina ta gaba, mai unguwa ya sake aikowa.

Kuluwa ta tsaya a ƙofar ɗaki ta tare hanya.

"Malam, ba inda za ka. Ka ba su, sun kashe. Ka je ka duba gefen gabas, jar ƙasa ta fara leƙowa. Su in ta ɓaci ɗaure kaya za su yi su bar gari. Mu fa? A ka za ka ɗauki Inna?"

"Kuluwa, 'ya'yansu suna mutuwa."

"Namu da suka mutu wa ya ba mu kwandon komai?"

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Daga cikin ɗaki Inna Dudu ta yi kira da muryarta da ba ta fita sosai. Ya shiga ya durƙusa.

Ta ce, "Kada ka hana don ni. Ban so a ce da sunana aka rufe wa mai yunwa ƙofa. Amma kada ka ba su a hannu. Ka bi su ka zuba da kanka."

Haka ya yi. Ya gaya wa mai unguwa zai bayar, amma shi zai ɗiba, shi zai kai, shi zai shuka da kowa a gonarsa. Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata. Tunau ya ɗauki sungumi da ƙwarya rufe da ganye, ya fara daga gonakin arewa, masu nisa. Rami, iri, ɗan yatsa uku na ƙasa, a rufe. Rami, iri, ƙasa, a rufe. Tun fitowar rana har faɗuwarta, bayansa a sunkuye, a gonar mutane. Kwana tara yana wannan.

Amma labari ya riga ya fita gari. Ƙauyukan kewaye sun ji cewa akwai wata ƙasa mai tayar da matacciyar gona, kuma mai ita ba ya hanawa. Suka zo da jakuna da mangaloli. 'Yan gari da suka ga baƙi suna ɗiba, suka ce to mu da muke da ita za mu tsaya kallo? Suka fito da garemani. Duk safiya Tunau yana zuwa ya ga ramin ya ƙaru, ya roƙi waɗanda ya tarar, su ba shi haƙuri, yana juya baya su ci gaba. Ya yi tunanin ya zauna gadi. To in ya zauna, danshin shuka zai wuce, gonakin da bai kai gare su ba sun rasa shekarar ke nan. Ya zaɓi ya ƙarasa.

Rana ta shida Kuluwa ta bar Inna ita kaɗai ta je ta tsaya a tsakiyar gonar, ta buɗe hannuwa.

"Ku ji tsoron Allah! Abincinmu ne kuke haƙa!"

Wani baƙo mai jaki ya ce, "Baiwar Allah, mangala ɗaya ce tawa. Mangala ɗaya me za ta rage?"

Kowa mangala ɗaya ce tasa. Ku riƙe wannan. Ba wanda ya kwashe gonar Tunau, kowa kaɗan ya ɗiba.

Ranar da ya gama, ya zo shuka tasa, ya tsaya a bakin gona bai gane ta ba. An kwashe karan da ya rufe ta da shi an watsar. An haƙe har gindin gawo, saiwoyinsa a waje kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya. Baƙar ƙasa sai tsibi-tsibi nan da can. Kwana biyu bayan haka aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da yake babu abin da zai riƙe ta, sauran ma ta bi ruwa. Tunau yana tsaye a cikin ruwan yana kallon baƙin kwazari yana gangarawa rafi. Shekara talatin, cikin wuni ɗaya.

Duk da haka akwai abin da ya riƙe zuciyarsa. Da tsakiyar damina ya zaga gonakin da ya shuka, ya tona gindin wake a hankali. Ga gudajin nan, ƙanana, ba yawa, amma cikinsu ja. Ranar ya dawo gida har da 'yar waƙa a bakinsa. Ya ce wa Kuluwa, "Ta kama. Ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. In suka bar saiwar bana, baɗi za su ga bambanci."

Ba su bari ba. Geron shekarar bai fi na bara ba, don ƙasa ba ta warkewa a damina ɗaya. Mutane suka ce an sake yaudarar su. Da kaka ta yi, aka tumɓuke waken nan har saiwa, don harawa mai saiwa ta fi cika ɗauri, ga awaki suna faɗuwa. Tunau ya je wurin mai unguwa ya durƙusa, har da hawaye, ya ce a bar ko karan ne, kada a ƙona.

Mai unguwa ya ce, "Tsutsa tana kwana a kara, kai ma ka sani. Ka ce shekara uku, Tunau. Dubi mutanen nan. Wa ka ga yana da shekara uku a jikinsa?"

Aka sa wuta.

Shi kuwa gonarsa, wadda take cika rumbu har a ba maƙwabta, abin da ta bayar Kuluwa ce ta ɗauko shi a ka, sawu biyu.

Gari ya fara watsewa. Yau gida biyu, gobe gida biyar, kowa ya nufi kudu. Korau ya zo sallama da jakinsa. Ya ce a gwada ɗora Inna. Aka gwada, ta yi ƙarar da ta sa suka sauke ta da sauri. Korau ya tsaya yana murza igiya a hannu.

"Tunau," ya ce. Bai ce Buzuzu ba. "Ni ma na ɗiba. Kwando huɗu, ranar da kana gonakin arewa. Ka yafe mini."

Kuluwa ta ce, "Kada ka yafe, Malam. Ka ce Allah ya isa. Sau ɗaya dai a rayuwarka ka ce Allah ya isa, ko zuciyata ta yi sanyi."

Tunau ya dubi Korau. Ya ce, "Na yafe, Korau. Kai da kowa. Ɗibar ba ta dame ni ba. Da ta rayu a gonar wani, ko wanda ban sani ba, da ban yi asara ba. Abin da yake ci na, ba ta rayu a ko'ina ba."

Korau ya ja jakinsa ya tafi yana share ido da hannun riga.

Suka rage su uku a garin da ba hayaƙi. Suka ci geron nan da kaɗan-kaɗan, suka yanka awaki ɗaya bayan ɗaya, suka koma dusa da ganye. Kuluwa takan dama ɗan kunu ta ba Inna, ta ce su sun riga sun sha. Tsohuwa ta gane, sai ta fara rufe baki. Kafin ruwa ya sauka ta cika. Kuluwa ta yi mata wanka, Tunau ya haƙa kabari shi kaɗai, ya tsaya shi kaɗai ya yi mata salla. Garin da ya ba wa gonarsa, ba a sami mutum biyu da za su tsaya a bayansa ba.

Sannan su ma suka ɗaure 'yan tsummokinsu suka bi hanya.

Sun yi tafiyar kwana goma sha, suka sauka a wata ƙasa mai dausayi inda ba wanda ya san su. Tunau, da furfurarsa, ya shiga ƙodago, a yi aikin wuni a ba ka mudun dawa. Wata rana wani mai babbar gona ya ɗauke su sharar gona su da yawa. Da Tunau ya sa fartanya ya ji ta shige ba wuya, sai ya tsuguna ya ɗaga ruɓaɓɓen kara. Baƙar ƙasa. Farin zare. Ga tanar ƙasa tana motsi. Ya ɗebo ya kai hanci, ya rufe ido, ya daɗe a haka.

Da la'asar aka gama tara ciyawa da kara tsibi-tsibi a duk faɗin gonar. Mai gona ya miƙo masa bakin wuta.

"Tsoho, kai ne kusa. Bi ka kunna."

Tunau ya dubi wutar. Ya san ba ko ƙwayar hatsi a bukkarsu, ya san Kuluwa ta ɗora ruwa tana jiran mudun nan.

Ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri. Sa ni wani aikin, ko wane iri ne. Wannan ba zan iya ba. Akwai masu rai a ciki, su suke ciyar da kai. Na ga garin da aka yi haka, yau ba kowa a cikinsa."

Mai gona ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi tsummansa. "Kai da ka san noma haka, ina taka gonar?"

'Yan ƙodago suka fashe da dariya. Mai gona ya nuna masa hanya.

"In ba za ka ƙarasa aiki ba, ba mudu. Kama hanya."

Wani ya karɓi wutar ya bi tsibi-tsibi yana kunnawa. Tunau ya koma bakin hanya ya tsaya, fartanya a kafaɗa, yana kallo har hayaƙi ya rufe gonar. Sannan ya juya ya tafi wurin Kuluwa hannu wofi. Ta dubi hannunsa, ta dubi fuskarsa. Ta sauke tukunyar daga wuta.

Bai ga wata damina ba bayan wannan. A can aka binne shi, a ƙasar baƙi, ba wanda ya san abin da ya taɓa yi.

To, 'yan'uwana, kada ku jira in ce daga baya an gane darajarsa, ko gari ya dawo. Ba a gane ba, bai dawo ba. Sakamakon Tunau yana wurin Allah, wanda ba ya mance ko kwando ɗaya da bawansa ya ɗauka. Ya faɗi gaskiya a inda ƙarya za ta tsare masa tuwonsa. Ya bayar a inda hanawa ba laifi ba ce. Ya yafe a inda yake da ikon kai ƙara. Shi ya ci jarrabawarsa. Waɗanda suka faɗi su ne mutanen garin, kuma su ne suka fi kama da mu.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne wannan: alheri ba ya amfanar wanda ya karɓi kyauta ya ƙi karɓar nasihar da ta zo da ita. Kuma abin da aka gina a shekara talatin, "kaɗan zan ɗiba" tana rushe shi a kwana tara. Mu dubi gonakinmu. Iyayenmu da kwando suke auna abin da mu yau muke aunawa da kwano, kuma mun ce ruwa ne, mun ce zamani ne. Wa ya mayar wa ƙasa abin da ya ɗiba bara? Wa ya bar saiwar wake a kunya? Tokar murhunki da sharar turkenki, ke da kike saurarona, ina kike zubar da su? Ƙasar nan amana ce, cike take da bayin Allah da suke mana aiki ba mu gani, mu kuwa kowace bazara wuta muke saka musu da ita. Kuma in akwai wani Tunau a unguwarku, mai shiru, mai zama a bakin tabarma, wanda ba ya iya cewa a'a, ku ji tsoron Allah a kansa. Rashin hanawarsa ba izini ba ne. Ku saurari abin da yake faɗa tun yana da gonar da zai nuna muku, don ranar da kuka gama kwashe shi ba wani za a aiko muku ba.

Allah ya sa mu ji tun ƙasa ba ta yi mana shiru ba.